Giyar da na ɓoye wata takwas ta koma ruwan kwali

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, dan daga nan duk wannan surutun ya taso. Wani abokina ne ya kawo min gwangwani biyu na wata IPA, wato giya mai ɗaci da ƙanshi sosai, irin wadda ake dafawa sau ɗaya tak a shekara lokacin girbin hop, furen da ke ba giya ɗacin da ƙanshin, yace min ka shanye su cikin satin nan kar ka kuskura ka ajiye. Na fasa ɗaya a daren, tab, ƙanshi kamar ka murje ɓawon lemu a tafin hannu ka kai hanci, ga wani ɗaci mai tsabta da yake zuwa can ƙarshe ya ɗan gaisa da kai ya wuce abinsa. Sai rowa ta kama ni. Nace ai irin wannan ba a shanye ta hakanan, ɗayan sai ranar da wani babban abu ya faru, na cilla ta saman kabad inda zafi yake taruwa na manta da ita har wata takwas. Ranar da na tsiyaya ta a kofi tun daga kala na san an samu matsala, ta yi duhu kamar shayin da ya kwana, ƙanshin lemun nan ko sama ko ƙasa, abinda ya rage warin kwalin da ruwa ya jiƙa da wani zaƙi zaƙi mai gundura. Kurɓa biyu nayi na juye ta a sinki. Da na gaya wa mai kyautar dariya ya dinga yi har yana riƙe ciki, yace kai a tunaninka turare na baka.

Na san da yawa cikin masu karanta ni basa sha, kuma ba kiran kowa nake ba, wanda baya sha ya tsaya inda yake lafiya lau, can ƙasa ma akwai ƴar magana a kan marasa barasa. Wanda kuma yake sha amma duk rayuwarsa iri ɗaya ya sani, mai sanyi ƙarara wadda ake kwankwaɗa ba a ko jin ɗanɗanonta, to da shi nake.

Abinda turawa ke kira kiraft, giya ce ta ƙananan masu dafawa, ba ta manyan kamfanonin da suke cika duniya da abu iri ɗaya ba. A Amurka har ma'auni suka sa mata, ƙungiyar masu sana'ar tace kada ka wuce ganga miliyan 6 a shekara kuma kada babban kamfani ya mallake ka. Harkar bata wani tsufa ba. A 1965 Fritz Maytag ya sayi kamfanin Anchor na San Faransisko yana dab da rufewa ya farfaɗo da shi, a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida, a 1980 kuma Ken Grossman ya fara Sierra Nevada a garin Chico na Kalifoniya da wata eyil, wato giyar da yis ɗinta yake aiki da ɗumi, mai wani irin hop da ake kira Cascade, wanda shine ya koya wa mutane cewa ashe giya zata iya ƙanshin lemu da itacen fir. A Ingila nasu faɗan daban ne, tun 1971 wasu suka kafa ƙungiyar CAMRA dan kare giyar ganga ta gargajiya kada ta ɓace. Kayan haɗin dai huɗu ne a ko ina, ruwa, tsiron sha'ir, furen hop da yis. Amma yadda aka gasa tsiron, da irin hop ɗin, da irin yis ɗin, su suke sa kofi biyu su bambanta kamar ba uwarsu ɗaya ba. Manyan rukunan giya biyu ne, eyil da laga. Yis ɗin eyil yana son ɗumi, yana aiki da sauri ya bar ƙanshin ƴaƴan itace, na laga kuma sanyi yake so, a hankali yake tafiya ya bar abu garau ba hayaniya.

To meye na cewa wai wannan ta hunturu ce wannan ta lokacin zafi? Da farko na ɗauka dabarar talla ce kawai, kuma gaskiya a yau rabi dabarar tallan ce, amma asalinta dole ce ta kawo. Kafin a samu injin sanyaya abu, in ka dafa giya da zafi tsami take yi ta lalace, sabida ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun fi yis sauri. Shiyasa a Bavariya ta Jamus a 1553 aka kafa doka, ba dafa giya daga 23 ga Afrilu har 29 ga Satumba. Sai masu sana'ar suka koma yin mai ɗan ƙarfi da yawa a watan Maris su jibge a ramukan ƙasa masu sanyi da ƙanƙara, a dinga ɗiba har kaka. Sunanta ma daga watan ya fito, Märzen, ta Maris kenan. Sai a shekarun 1870 da Carl von Linde ya ƙera injin sanyinsa, kamfanin Spaten na Munich na cikin waɗanda suka fara amfani da shi, sannan aka samu damar dafawa duk shekara. Dolen ta tafi, sabon ya zauna.

Kuma Märzen ɗin nan ita nake fara miƙa wa duk wanda yace min shi tsoron ɗaci yake. Kalarta ja ja kamar tagulla, gardinta irin na ɓawon burodin da ya gasu sosai, ɗacin kaɗan ne dan kawai kada zaƙin ya hau kai. Ita aka daɗe ana sha a bikin Oktoberfest, wanda ya samo asali daga ɗaurin auren yarima Ludwig da Therese ranar 12 ga Oktoba 1810. Abin dariyar shine bikin yanzu tsakiyar Satumba yake farawa ya ƙare farkon Oktoba, kuma abinda ake zubawa a manyan kofunan lita ɗaya ɗin nan yanzu ba jar bace, wata ce mai kalar zinare da ta fi sauƙin wucewa, barasarta wajen kashi 6 cikin ɗari. Kamfanoni shida na Munich kaɗai ke da izinin zubawa a filin, Augustiner, Hacker-Pschorr, Hofbräu, Löwenbräu, Paulaner da Spaten. Ni dai tsohuwar jar ta fi min, kuma ƙananan masu dafawa na Amurka su suka fi riƙe ta yanzu, wai ɗan koyo ya fi mai gida riƙon abin gado.

A kakar ne kuma ake fito da wadda ta ja min abin kunya. Ana girbin hop a arewacin duniya daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a wurare irin su kwarin Yakima na jihar Washinton da Hallertau na Jamus, kuma yawanci busar da shi ake nan take dan danyensa baya kwana biyu bai fara ruɓewa ba. To wasu basa jira, daga gona sai tukunya cikin kwana ɗaya, shine zaka ji wani ƙanshin ɗanyen ganye da baka samunsa a wata giya. Man da ke ba da ƙanshin nan mai gudu ne, zafi na cin sa, ƴar iskar da ta maƙale cikin gwangwanin na cin sa, kullum raguwa yake. Warin jiƙaƙƙen kwalin da naji aikin iskar ne. Shiyasa yanzu ko wace IPA na ɗauka abu na farko juya gindin gwangwanin nake in duba ranar da aka ɗura, in ta haura wata uku in mayar, in babu kwanan wata kwata kwata ma in mayar, mai abin kirki baya ɓoye ranar haihuwarsa. Wani abin sha'awa, su Niyu Zilan da Ostireliya nasu girbin wajen Maris ne tunda yanayinsu a juye yake, dan haka masu hop ɗinsu irin su Nelson Sauvin da Galaxy sabbinsu lokacin suke fitowa.

Kuma labarin da ake ta yaɗawa cewa wai an ƙirƙiro IPA ne musamman dan ta jure tafiyar jirgin ruwa zuwa Indiya, akwai gaskiya ciki akwai ƙari. Eh ana lodin giya mai hop da yawa daga Landan, George Hodgson ya yi suna a kai, daga baya masu dafawa na garin Burton a Ingila suka ƙwace kasuwar sabida ruwansu mai sinadarin jifsam yana fito da ɗaci tas. Amma baƙar giyar da ake kira fota ma an yi ta kaiwa Indiya tana isa lafiya. Hop na hana ruɓewa, wannan haka ne, amma baya hana ƙanshinsa gudu, abinda ban gane ba kenan sai da nayi asara.

Ta kabewa kuwa da Amurkawa ke haukacewa a kai duk kaka, ku yafe ni. Na gwada wajen guda biyar, duk kirfa da citta da kanumfari nake ji kamar an narka alewa a kofi, kabewar ma ba a jin ta. In kana so ka sha abinka, ni na wuce.

Hunturu ne nawa. Nan ne ake fito da masu nauyi, masu duhu, waɗanda kofi ɗaya zai ɗauke ka awa guda. Anchor sun fara tasu ta Kirsimeti a 1975, duk shekara da sabon haɗi da sabon zanen bishiya a jikin kwalbar, har kamfanin ya rufe a 2023. Celebration ta Sierra Nevada tun 1981 ake yinta, kashi 6.8, amma a kula, ita duk da ta hunturu ce ƴar gidan hop ce, a sha ta da wuri. A Ostiriya akwai Samichlaus da ake dafawa rana ɗaya a shekara, 6 ga Disamba, a ajiye ta wata goma kafin a ɗura, kashi 14 cikin ɗari, wannan ba abar wasa bace, ƙaramin kofi ake nema mata kuma a raba da wani. Sai babbar sitawut, wato baƙar giya mai ƙarfi, wadda ake cewa ta sarauta, da aka dinga kai wa fadar Rasha daga Landan a ƙarni na 18, baƙa wuluk, kauri kamar zata riƙe cokali.

A kan sitawut ɗin nan nayi kuskure na biyu, amma shi na gyara shi a zaune. Na ciro ta daga can ƙuryar firij tana raɓa, na tsiyaya na kurɓa, ba abinda naji sai sanyi da ƙauri, nace kai an cuce ni. Sai waya ta shigo, doguwar magana ce wajen minti ashirin, kofin na kan tebur na ma manta da shi. Da na dawo na ɗauka dan kawai kada ayi asara, jama'a kamar an musanya min. Kofi gasasshe ne a gaba, bayansa baƙin cakulan, can ƙasa wani abu kamar busasshen inabi, sannan ɗumin barasar ya sauka a ƙirji a hankali ba tare da ya ƙona maƙogwaro ba. Kumfar ta bar zobe zobe a jikin gilashin, duk kurɓa da nata layin. Ashe sanyi ne ya ɗaure ta. Sanyi mai yawa yana kashe harshe yana kulle ƙanshi, shiyasa ma giyar da bata da abin nunawa take son a sha ta da ƙanƙara. Laga mai sauƙi digiri 4 zuwa 7 a ma'aunin Salsiyos ya ishe ta, IPA ta ɗan fi haka, masu duhu da nauyi kuwa sai wajen 10 zuwa 13 suke buɗe baki. Giyar ganga ta Ingila da baƙi ke tsokana wai da ɗumi ake shanta, 11 zuwa 13 ce, ba ɗumi bane, daidai ne.

Masu nauyin nan su ne zaka iya ɓoyewa. In ta kai kashi 8 zuwa sama, mai duhu ce ko mai tsami, ka samu wuri mai duhu mai sanyi ka tsayar da kwalbar, shekara ɗaya ko biyu ba abinda zata yi sai laushi, zafin barasar ya kwanta. Da rowata a kan sitawut ta faɗa da yanzu yabo nake sha ba dariya ba.

Da hunturu ya fara ja baya sai Jamusawa su fito da doppelbock, wata laga mai ƙarfi. Sufayen Paulaner na Munich ne suka fara yinta suna sha lokacin azuminsu na kafin Ista, har ake mata kirari da burodin ruwa, sunanta Salvator, kashi 7.9. Shiyasa zaka ga sauran da yawa sunansu na ƙarewa da ator, Celebrator, Optimator da sauransu. Zaƙinta na tsiro ne zalla, tana da daɗi amma ni kofi ɗaya take gundurata.

Lokacin zafi kuma abu biyu nake nema. Na farko ta alkama ta Bavariya, hefeweizen, wadda aƙalla rabin hatsinta alkama ne, gurɓi gurɓi take ba garau ba, kumfa kamar auduga. Duk wanda na ba ya shinshina sai yace ayaba aka sa ko, da kanumfari. Ba a sa komai ba, yis ɗin ne kawai yake fitar da wannan ƙanshin, kuma in zaka tsiyaya ka rage kaɗan a gindin kwalbar ka jujjuya ta sannan ka ƙarasa, dan yis ɗin da ya kwanta a ƙasa rabin daɗin kenan. Wadda ake kira Weihenstephaner ce ma'aunina a nan. Na biyu saison ta yankin Waloniya a Beljiyam, sunan ma da faransanci yanayi yake nufi, labarin da ake bayarwa shine manoma ke dafa ta da sanyi su ajiye wa ƴan ƙodagon da zasu zo aiki da zafi. Saison Dupont kashi 6.5 ce, bushewa take a baki ƙarau ba ta barin danƙo, ga yaji yaji kamar masoro ga gas mai tsalle a harshe. In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak in ba wanda yake ganin duk giya ɗaya ce, ita zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Akwai waɗanda har yau dolen nan bata sake su ba, masu wata giya mai tsami da ake kira lambik na kewayen Burasels. Su basa zuba yis, tafasasshen ruwan tsiron suke bazawa a wani faffaɗan kwano marar zurfi a saman gini su bar shi ya kwana a buɗe iska ta kawo nata ƙwayoyin, dan haka sai da sanyi ake iya yi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Kamfanin Cantillon tun 1900 haka suke yi. Ana haɗa ta shekara ɗaya da ta biyu da ta uku a samu gueuze, tsami ne da ita ga wani wari wari kamar na rumbu, kurɓar farko sai da na yamutsa fuska, ta uku kuma na fara neman ƙari. Ba zan ce kowa zai so ta ba. Kar dai ka fara da ita.

In zaka ɗanɗana fiye da ɗaya a zama guda, fara da mai sauƙi ka ƙare da mai nauyi, dan in ka fara da IPA mai ɗaci harshenka ya tafi hutu, duk abinda ya biyo baya ruwa zaka ji. Ƙananan kofuna, ruwa a gefe, kuma kar ka sha daga bakin kwalba sabida hanci ne ke yin yawancin aikin, in ka toshe masa hanya ka biya kuɗin ƙanshi baka karɓa ba. Kofin ya zama wankakke tas, ɗan maiƙo kaɗan ko sauran sabulu kashe kumfa yake nan take. Ka kiyayi rana, hasken rana na shiga kwalba ya taɓa sinadarin hop cikin ƴan mintuna ta fara wani wari mai hawa kai, kwalba mai ruwan ƙasa tana tare yawancin hasken, koriya kaɗan take tarewa, fara kuwa ba ruwanta. Masu raina gwangwani sun yi kuskure, ba haske ba iska, ga masu hop ya fi kwalba nesa ba kusa ba. In kaji ƙanshin man shanu a laga ko IPA ba gwaninta bace, an cire ta ne kafin yis ya gama share bayansa. Kuma dan Allah a dinga duba lambar kashi a jikin kwalbar, waɗannan na hunturun zaƙinsu na ɓoye ƙarfinsu, ɗaya mai kashi 12 ta haura biyu na wadda ka saba, ba abin da za a sha a kama sitiyari bane.

Su kuma marasa barasa, da can abin tausayi ne, ruwan tsiro mai zaƙi kawai. Yanzu an samu canji, Athletic Brewing da aka kafa a 2017 a jihar Konetikat ba abinda suke yi sai su, kuma Jamusawa sun daɗe da iya ta alkama marar barasa. Masu hop da masu alkama sun fi fitowa da kyau dan ƙanshin na rufe gurbin, masu duhu har yanzu ruwa ruwa nake jinsu. Amma a lura, yawancin abinda aka rubuta wa marar barasa yana iya ɗaukar har kusan kashi 0.5, wanda baya son ko ɗigo sai ya nemi mai 0.0, kuma ya karanta da idonsa.

Yanzu haka akwai kwalba biyu na babbar sitawut a ƙasan kabad ɗina can lungun da rana bata kaiwa, na manna musu farin tef na rubuta watan da na saye su da biro, ɗaya zan fasa in shekara ta zagayo ɗayar sai ta biyu, ina so inji bambancin da bakina. Abokin nan nawa ya sake kawo min IPA ta girbin bana, gwangwani biyu kamar wancan karon, ya tsaya a bakin ƙofa yace bazai tafi ba sai ya ga na fasa. Na ɗauko kofi biyu.